Jan Fenti a Bangon Iya

Tudun Dukawa, bayan Ƙofar Durbi,
Katsina.
Yuni, 1999.

Zuwa ga Yayata ta kaina, Yaya Lailatu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fata takardar nan za ta iske ki lafiya lau, ke da maigidan da ɗana Abba. Ya Zariya, ya damina, ya haƙuri da mu? Mu nan sai godiyar Allah. Baba da Inna suna gaishe ki. Iya kuwa ta ce kada in kuskura in sa ta cikin masu gaisuwa, wai tun da kika samu miji mai babur kin manta da kakar da ta goya ki. Amma tun ɗazu take tambayata ko na sa.

Yaya, kin san ni, in a baki ne sai magana ta maƙale mani a wuya, shi ya sa na fi sakewa da biro. Akwai labari a unguwa.

Tun da soja suka koma bariki aka ba farar hula mulki, tudun nan bai zauna ba. Kin tuna Salisu mai kananzir na gindin tudu, wanda kike cewa rabin kwalbarshi kumfa ce? To shi ne kansilanmu yanzu. Ya ɗinka babbar riga, yara na bin shi suna Honarabul, Honarabul. Lokacin neman ƙuri'a ya rantse in ya ci zai buɗe lungunmu na Hanjin Rago, a miƙe shi, a zuba kwalta, mota ta hau har ƙofar masallacin saman tudu. Mun ɗauka zancen siyasa ne. Sai ga wasu mutane shekaranjiya da igiyar awo da wani abu mai ƙafa uku da suke leƙawa.

Da suka tafi na ɗauki bokiti kamar mai zuwa ɗibar ruwa, na gangara lungun tun daga sama har rijiya, a hankali, ina kallon shi kamar baƙuwa. Ban taɓa lura ba, ashe babu inda mutum zai tsaya a Hanjin Rago ya hango abin da ya wuce gida biyu a gabanshi. Ya lanƙwasa a soron su Madina, ya murɗe a gindin durumi, ya bi ta ƙarƙashin indararon gidan Liman, ya matse har jaki mai mangala sai ya gogi bango. Dakalan ƙofar gidaje duk sun yi sulɓi don zama. Zankwayen soraye wasu sun karye, wasu na tsaye kamar kunnen zomo. Ko'ina warin fata da bagaruwa, wanda kike cewa da shi kike gane kin iso gida. Iya ta ce da gangan magabata suka murɗe lungun, don ruwan sama ya gaji kafin ya kai ƙasa, idon baƙo kuma ya gaji kafin ya kai tsakar gida.

Ni dai ba zan ce kada a yi hanya ba. Ba ki nan da rani lokacin da naƙuda ta yi wa Rakiya matar Yahaya gardama. Mota ta tsaya can gindin tudu, aka ɗora Rakiya a baro, aka lulluɓa mata zane, ana turawa ana shan kwana. Ina jin nishinta ta tagarmu. Ita ta tashi, ɗan bai zo da rai ba. Wanda ya ji wannan nishin ba ya da bakin cewa a bar lungu yadda yake.

Abin da ke faɗar mani da gaba, kwanarmu ce. Masu awon sun daɗe a kanta. Sun ce ita ta fi matsewa, dole a ci gefe ɗaya: ko ɗakin Iya da ya turo baya cikin lungu, ko katangar garken awakin maƙwabcinmu Malam Babaji da ke kallon shi. Inna ta ce in kwantar da hankalina, wa zai bar garke ya rushe ɗakin tsohuwa makauniya? Kowa haka yake cewa. Amma da na kwanta a ɗakin na ɗaga ido na ga rufin daurin gugan nan da farantin tangaran da ke manne a tsakiyarshi, sai na ji wani iri. Nan aka kawo Iya tana amarya, nan ta haifi Baba, nan idonta ya tafi, nan ni da ke muka yi wayo. Da bangon nan take gani, Yaya. Kullum da hantsi shi take dafawa ta fita, ta bi shi har kwana, ta miƙa hannu ta taɓo katangar garke, ta shige wajen ƙawarta Gwaggo Lami, mahaifiyar Malam Babaji, ba ta neman ɗan jagora.

Bari in ba ki dariya kada takardar ta yi nauyi. Har yanzu ina karanta mata littattafan soyayyar da nake arowa wajen Madina, bayan la'asar, in Baba ya koma rumfa. Cikin kwallayenta nake ɓoye su, ita ta nuna mani wurin. Tana ta kushe su, amma ina yin shiru sai ta ce, to sai mi ya faru? Wanda muke kai yanzu, yarinyar tun shafin farko take kuka. Iya ta ce ɗiyar nan in ba kuka ba ba ta iya komi ba, ko tuwo ba a ji ta tuƙa ba. Saurayin kuwa duk inda aka shiga uku sai ga shi da mota. Ta ce in lungunmu ne, sai dai ya aje ta a rijiya ya hawo da ƙafa kamar ubanshi.

Jibi kansila zai tara maza a yanke maganar kwanar. Ki sa mu a addu'a, ki shafa mani kan Abba.

Taki ƙanwa,
Furera.

*

Tudun Dukawa, Katsina.
Ƙarshen Yuni, 1999.

Yaya Lailatu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, Abba kuma ya samu sauƙin haƙoran da Lado direba ya ce yana fitarwa. Mu jikinmu lafiya ƙalau. Sauran kuma ga shi.

Yaya, ɗakin Iya za a rushe.

Bari in faɗa maki yadda aka yi, don da idona na gani. A kwanar aka yi taron, bayan la'asar, daidai ƙarƙashin tagarmu. Allah ya sa ranar Inna ta kai Iya Batagarawa barkar haihuwa. Na hau kan gadon ƙarfe na leƙa. An shimfiɗa tabarmi, an kawo wa kansila kujera, Mai Unguwa na zaune ƙasa kan buzunshi. Har da maroƙi, da wani mai rikoda daga gidan rediyo.

Kin san yadda ake irin wannan zama a tudun nan, ko da kan indararo aka samu saɓani. Ba mai cewa a bar nawa a taɓa na wane. Ɗaya zai ce a ɗiba ta wajena, ɗayan ya ce a'a, ta wajena, su yi ta yi wa juna kara, sannan Mai Unguwa ya yi gyaran murya ya faɗi abin da kowa ya riga ya sani. Kowa ya tashi da mutuncinshi, ba a ji wani ya yi rowa ba.

Haka aka fara. Da kansila ya gama doguwar magana ya ce ina masu gidajen, Baba ne ya fara, tun da shi ne ƙarami. Ya ce tun kakanni gidajen nan biyu abu guda ne, awakin nan kuma su ne cin Malam da iyalinshi, in dai don jama'a ne a ɗiba ta wajenshi. Malam Babaji ya ce subhanallahi, ina aka taɓa haɗa ɗakin uwa da garken dabba, a rushe garke. Baba ya sake cewa a'a, don Allah ya bar mashi ladan. Duk daidai ne, Yaya, duk yadda ake yi ne. Na ga Mai Unguwa ya gyara zama, ya aje carbi, ya buɗe baki.

Kansila ko kallon shi bai yi ba. Ya miƙe ya ɗaga hannun Baba sama kamar wanda ya yi kisa a dambe, ya ce, “Jama'a, kun ji da kunnenku. Mutum ya ba da ɗakin mahaifiyarshi don ci gaban unguwa.” Yaranshi suka sa tafi. Maroƙi ya ɓarke da kirari, ɗan dattawa, mai kyauta da abin da ake so. Mai rikoda ya tura wa Baba abin magana a baki. Malam Babaji na ta ku tsaya, ku tsaya, tafi ya danne shi. Mai Unguwa ya rufe bakinshi ya ɗauki carbinshi.

Ban ce Salisu da mugunta ya yi ba. A gindin tudu ya tashi, cikin baƙi 'yan ci-rani, ina jin bai taɓa zama irin wannan zaman ba. Ya ɗauka in babba ya ce a ɗiba, a ɗiba ɗin yake nufi. Da gaske murna yake, har da ƙwalla.

Fuskar Baba ce ta tsaya mani a rai. Yana murmushi, hannunshi a sama, amma idonshi na kan tagarmu. Na yi maza na sunkuya. Ban san ko ya gan ni ba.

Washegari aka sa a rediyo. Har rumfar Baba a Babbar Kasuwa mutane ke zuwa suna sa mashi albarka. Inna ta ce ya sami kansila a keɓe ya warware. Ya ce da wane bakin? Garin nan kaf ya ji shi, magana zarar bunu ce. Ta yi kuka. Daga baya ya tara mu ya ce bai yarda kowa ya gaya wa Iya ba, shi zai gaya mata da kanshi in ya ga fuska. An roƙi Gwaggo Lami ma ta kama bakinta. Rediyon Iya kuwa ya cire batir ya ce mata ta lalace.

Ni ke kwana da ita, Yaya. Ni ke miƙa mata buta. Har na kan gode wa Allah da ba ta ganin idona, sannan in yi istigfari.

Don Allah ki nuna wa maigidan takardar nan, ko ya san wani da ake jin maganarshi. Ki ba Lado amsa in zai juyo.

Ƙanwarki mai kewarki,
Furera.

*

Katsina.
Yuli, 1999.

Yayata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yaro, ya ruwa? Ina fata kowa lafiya. Takardarki ta iso, da ɗan kunnen da sabulun, na gode Allah ya bar zumunci. Na gane bayaninki. Maigidan malamin makaranta ne a Zariya, wa ya sani a nan? Kada ki damu, dama na faɗa ne don bakina ya huta. Addu'ar kuwa ina yi.

An zo an shafa fenti. Zan faɗa maki wani abu, amma ki rantse ba za ki ba kowa labari ba.

Ina dawowa daga Islamiyya na iske mai fentin a kwanarmu da gwangwani a hannu. Dogo ne, baƙi, da agogon silba, ba irin samarin unguwarmu ba. Ya riga ya ja layi ɗaya ja wur a bangon Iya, daga sama ya karkato ƙasa. Da ya gan ni ya ce, ƙanwata, a taimaka mani da ruwa.

Yaya, a littafi daidai nan ne komi ke sauyawa. Ina ɗibar ruwan a randa ina shirya maganata tsaf. Zan ce mashi, Malam, bayan bangon nan akwai tsohuwa, ba ta gani, kuma ba da nufin a rushe mahaifina ya faɗa ba. Shi kuma ya dube ni ya aje burushin, ya tafi wajen manyanshi ya ce in dai sai an taɓa ɗakin nan to ya bar aikin. Har suna na raɗa mashi kafin in fito zaure, Ashraf. Har na ga kalar motar da zai dawo da ita.

Na durƙusa na miƙa mashi kofin. Ya shanye. Ya ga ban tashi ba, ya ce lafiya dai? Na ce lafiya lau. Ya yi godiya, ya tsoma burushi, ya ja layi na biyu ya gitta na farkon. Ina durƙushe a wurin da kofi a hannuna har ya gama. Na shiga bayan madafa na yi kuka, irin na yarinyar da Iya ke yi wa dariya.

Da sassafe na kwaɓa laka na yaɓe wurin kaf, har na ji daɗi. Ranar da yamma aka yi ruwa, lakar ta wanke, fentin na nan kamar yanzu aka shafa.

Baba ya rame. Kullum da safe in ya zo gaida Iya sai ya daɗe a tsugune bakin ƙofa, ya ce, Iya, dama... sai kuma ya tambaye ta ya gwiwar. Ya fara gyara ɗan ɗakin nan na kusa da madafa, ya sa mashi rufin kwano, ya ce mata na hatsi ne. Sau ɗaya na kai mashi abinci da niyyar in roƙe shi, ya ɗago ya ce akwai magana ne, Furera? Na ce Inna ce ta ce ko a ƙaro miya.

Matan unguwa kuma sai kawo wa Iya abu suke, wannan fura, wannan ɗanwake, su zauna su yi ta dogon gaisuwa suna kallon rufi. Rakiya ma ta zo, ta kasa zama, ta riƙe hannun Iya kawai ta fita.

Littafin mun kusa gamawa. An ɗaura auren, saura tarewa. Muryata rawa take in ina karantawa, na ce mata mura ce.

Ki gaida maigidan. Allah ya sada mu da alheri.

Furera.

*

Katsina.
Agusta, 1999.

Yaya Lailatu,

Bayan sallama da tambayar lafiyarku baki ɗaya, da fatan Abba ya fara takawa.

Iya ta sani. Ashe ta daɗe da sani.

Ina cikin karatu ta ce in aje littafin. Na aje. Ta ce, “Wane launi ne?” Na ce mene ne, Iya? Ta ce, “Abin da suka shafa mani ga bango.” Ta ce tun ranar farko hannunta ya ji wurin ya yi santsi, ga mata na kawo mata abinci kamar mai takaba, ga rediyo ta mutu rana ɗaya da muryar ɗanta. Na ce ja ne. Ta ce to. Ba ta yi mani faɗa ba. Ta sa na kira Baba, aka ce in fita. Inna ta ce abu ɗaya Iya ta tambaye shi, wa ya fara magana a taron. Ya ce shi. Ta ce haka ubanka zai yi. Ya fito idonshi jawur, amma ranar ya ci tuwo.

Sai kuma ga wata ƙofa ta buɗe. Ashe duk kwanakin nan Malam Babaji na ta zarya gidan kansila. Daga ƙarshe kansila ya ce mashi shi ba zai janye abin da duniya ta ji ba, amma tun da ɗan kwangila bai fara ba, in mai ɗakin da bakinta ta ce ba ta yarda ba, zai mai da aikin kan garke, ba mai zargin kowa. Kalma ɗaya, Yaya. Na ji kamar in yi guɗa.

Malam Babaji ya zo shi kaɗai, don Mai Unguwa tun ranar taro yake cewa ƙafa ta hana shi fita. Ya tsuguna bakin ƙofa, ina bayan labulen gado. Suka gaisa, gaisuwar da na ga kamar ba za ta ƙare ba. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi, ya ce don girman Allah ta ce ba ta yarda ba, garken nan ba komi ba ne.

Iya ta ce, “Babaji, ɗana ya yi magana gaban mutane, ni ce zan kwance mashi zane a kasuwa?”

Ya ce ba kunya a ciki, uwa ce ita, ta isa. Ya sake roƙonta. Ta ce awakin nan da su ya yi wa 'ya'yanshi aure, da nononsu Lami ke karya kumallo, ita kuwa tsohuwa ko ina aka aje ta kwana ne, ɗakinta na gaskiya ma yana can yana jiranta.

Amma ina kallon hannunta, Yaya. Ta damƙe ƙarfen gadon nan har jijiyoyi sun tashi. Ta karkata kunne wajen ƙofa tana jira. Na gane abin da take jira. Maganar ta zo mani har kan harshe, Baba Malam ka ƙara, ka ƙara sau ɗaya. Bai ƙara ba. Na ji yana jan hanci. Sai ya ce Allah ya saka mata da Aljanna, ya jawo takalmanshi.

Da sawunshi ya ɓace ta ce, “Ya tahi?” Na ce ya tafi. Ta saki ƙarfen. Ta ce, “Da ubanshi ne, da sai ya ce sau ukku.”

Na zabura na ce bari in kira shi, bai kai zaure ba. Ta riƙo mani zane. Ta ce, “Zamna. Abin da aka roƙa ba kara ba ne.”

Har yanzu ina juya abin. Ko kunya ce ta rufe mashi baki, ko ya ɗauka da gaske take, ko kuwa da ya zo kan na ukun ya tuna da awakinshi? Ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya. Ni da nake da baki a ɗakin ma me na yi da shi?

An ce da ruwa ya ɗauke za su fara. Ki yi mana addu'a.

Ƙanwarki,
Furera.

*

Tudun Dukawa, Katsina.
Oktoba, 1999.

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da Abba, da fatan kun ga ƙarshen damina lafiya. Ki yafe mani shirun da na yi, biron ne ya yi mani nauyi.

An yi. Motar rusau ba ta iya hawowa ba, sai leburori aka kawo da diga. Ginin ya ba su wuya, suna sara suna cewa mutanen da sun iya tubali. Mun kwashe kayan Iya tun kafin su iso. Ita da kanta ta ce a kai ta sabon ɗakin, ta zauna bakin gado ta juya wa ƙarar baya tana jan carbi. Baba bai je kasuwa ba, bai kuma fito ba.

Ba za ki gane Hanjin Rago ba. Daga ƙofarmu yanzu ana hango rijiya, ana hango masallaci. An sare durumi, an ci rabin soron su Madina. An zuba jar ƙasa, kwalta an ce sai gaba. Mota ta hau har sama, yara na bin ta da ihu. Rakiya na da ciki, ta ce wa Inna bana tana barci da ido biyu rufe, kuma wallahi na taya ta murna. Garke na nan da awakinshi. Malam Babaji ya daina bi ta ƙofarmu, ta baya yake zagayawa masallaci.

Sabon ɗakin zafi da rana, in iska ta taso kwanon ya yi ta ƙara. Iya ba ta yi ƙorafi ba. Ta dai daina fita. Ta ce in mayar wa Madina littattafanta, kunnenta ya gaji.

Shekaranjiya da hantsi ta ce in kai ta wajen Gwaggo Lami. Na yi murna, na ɗauko mata mayafi. Muna fita zaure ta saki hannuna, ta miƙa nata gefe yadda ta saba. Ta laluba, ta ƙara taku, ta sake lalubawa. Ba komi a wurin, Yaya, sai fili. Ta tsaya. Sannan ta ce in kai ta daidai inda gadonta yake da. Na duba, na kintata, na ja ta har tsakiyar hanya na ce nan ne. Wani ɗan kabu-kabu ya gangaro da gudu yana hon, yana Hajiya a ba mu hanya, ya kauce mana da ƙyar. Ita ko motsi ba ta yi ba. Ta ɗaga fuska sama, ta daɗe, rana na dukanta.

Ta ce, “Furera, ɗakin ga ya yi iska da yawa. Mai da ni.”

Ba mu ƙarasa gidan Gwaggo Lami ba, ga shi nan ana kallon ƙofarshi. Ba ta sake cewa a kai ta ba.

Yaya, ki roƙi maigidan ya bar ki ki zo, kada ki jira Sallah. In za ki taho ki samo mata bargo mai kauri a kasuwar Zariya. Ta ce sanyi take ji, ko da tsakar rana.

Baba da Inna na gaishe ku. Allah ya kawo ki lafiya.

Ni ce ƙanwarki,
Furera.